Yaron Da Karatu Ya Gagara: Abin Da Gida Ke Iya Yi Masa

A kusan kowane aji na makarantar firamare akan sami yaro ɗaya ko biyu waɗanda suka fi kowa kaifin baki, su ne gwanayen tatsuniya, kuma ba a cutarsu wajen canjin kuɗin aike, amma da zarar an buɗe littafi an ce su karanta sai jikinsu ya mutu. Malami ya ce daƙiƙai ne, uba ya ce wasa ne ya yi yawa, daga nan sai bulala. Idan shekara biyu ko uku suka wuce babu canji, wasu iyayen sukan yanke shawarar ɗaukar nauyin koyar da yaron da kansu a gida. Wannan shawara tana iya zama alheri, tana kuma iya ƙara dagula al'amari, gwargwadon abin da aka yi da yaron bayan an zaunar da shi.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan matsala. A shekarar 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 a mujallar likitocin Birtaniya. Yaron yana da basira, yana iya lissafi, idanunsa lafiya lau, amma bayan shekaru ana koya masa ya kasa karanta kalmomi masu sauƙi, har sunansa ma yakan juya haruffansa wajen rubutawa. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu wanda zai wuce shi a makarantar. A wancan zamani ana kiran abin makantar kalma, domin an zaci matsalar ta shafi gani ne. Wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, shi ne ya raɗa masa sunan da ake amfani da shi yanzu, watau disleksiya.

Binciken da aka yi daga baya ya nuna ba a ido matsalar take ba. Tana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan da ke cikin kalma. Yawancin yara idan aka ce musu "rago" suna iya jin cewa akwai "ra" akwai "go", kuma a cikin "ra" ɗin akwai sauti biyu. Yaro mai wannan lalura yana jin kalmar a dunƙule, saboda haka idan aka nuna masa harafi aka ce ga sautinsa, ba shi da wurin da zai rataya wannan bayani. Abin yakan bi jini, kuma ba shi da dangantaka da ƙarancin hankali. Ƙungiyar da ke kula da masu wannan matsala a Birtaniya ta ƙiyasta cewa tana shafar mutum 1 cikin 10, wasu kaɗan, wasu da tsanani.

Tarihi ya adana labarin mutane biyu da suka sha wannan wahala tun suna yara, kuma duka biyun iyayensu maza ne suka shiga tsakani, sai dai kowa da irin halinsa. Na farko shi ne Woodrow Wilson, wanda aka haifa a 1856, ya kuma shugabanci Amurka daga 1913 zuwa 1921. Ƙuruciyarsa ta zo daidai da yaƙin basasar ƙasar, lokacin da makarantun kudanci suka rikice, kuma ya haura shekara 10 kafin ya iya karatu sosai. Mahaifinsa, wanda limamin coci ne, bai ɗauke shi a matsayin wanda ya lalace ba. Yakan karanta wa iyalinsa littattafai da babbar murya, ya ja yaron da hira, ya kuma matsa masa ya faɗi abin da yake nufi daidai ba tare da kewaye ba. Ta haka kansa ya cika da kalmomi da ilmi tun kafin idonsa ya saba da takarda. Da ya zama saurayi sai ya koya wa kansa rubutun gaggawa irin na akawuna don ya rage wahalar rubutu, daga bisani kuma ya sami digirin digirgir ya shugabanci jami'ar Princeton. Masana tarihi da dama suna zaton disleksiya ce ta dame shi, ko da yake ba wanda ya auna shi a lokacin.

Na biyu shi ne William Butler Yeats, mawaƙin ƙasar Ayilan wanda ya sami lambar Nobel ta adabi a 1923. Shi da kansa ya ba da labari a tarihin ƙuruciyarsa cewa danginsa sun yi ta fama su koya masa karatu har suka fara zaton hankalinsa bai cika ba. Da mahaifinsa ya karɓi aikin, sai ya zama malami mai zafin rai, har ya taɓa jifansa da littafin karatun a ka. Yeats ya iya karatu daga baya, amma har ya tsufa bai daina kuskuren jeranta haruffa ba. Wannan shi ne haɗarin farko na koyarwa a gida: malamin makaranta yana da yara da yawa da zai raba fushinsa a kansu, uba kuwa ɗansa ɗaya ne a gabansa, kuma kowane kuskure yana jinsa kamar abin kunya ne a gare shi.

To, idan an kauce wa fushi, me za a koyar, kuma ta yaya? A nan ne aikin wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Samuel Orton, da wata malama mai suna Anna Gillingham ya yi amfani. A shekarun 1930 suka tsara hanyar da har yau ake kira da sunayensu. Gindinta shi ne a koyar da sauti ɗaya da harafinsa a lokaci guda, bisa jeri, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma kada a wuce gaba sai na baya ya zauna daram. Yaro zai ga harafin, ya ji sautinsa, ya faɗe shi da bakinsa, ya kuma zana shi da yatsa a kan yashi ko a kan allo, domin abin da ido ya saki hannu ya riƙe. A shekarar 2000 wani kwamitin masana da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa ya duba binciken da aka tara kan koyon karatu, ya tabbatar da cewa koyar da dangantakar sauti da harafi bisa tsari ya fi barin yaro ya yi ta canke daga hoto ko daga siffar kalma. Ingila ma ta bi wannan hanya bayan wani rahoto na 2006.

Wanda ya yi makarantar allo zai ga cewa wannan tsari ba baƙo ba ne ƙwarai. Can ma da babbaƙu ake farawa, sa'an nan farfaru, kafin a kai ga haɗa kalma, kuma almajiri yana faɗa da baki yana bi da yatsa. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne yaro mai disleksiya sau da yawa gwanin hadda ne. Yana iya rera shafi guda daga ka, yatsansa yana tafiya a kan layi, alhali bai karanta ko kalma ɗaya ba. Mai koyarwa a gida zai gane gaskiya idan ya rubuta gaɓoɓin da ba su da ma'ana, kamar "lu" da "zo" a haɗe, ya ce a karanta.

Iyayen da harshensu Hausa ne suna da wata sa'a da Turawan Ingila ba su da ita. A rubutun boko kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi, kuma gaɓoɓin kalma gajeru ne: ba, bi, bu, kan, tar. Ingilishi kuwa harafi guda yana iya ɗaukar sauti uku ko huɗu. Wani bincike da aka buga a 2001 ya gwada masu disleksiya daga Italiya da Faransa da Ingila, aka tarar yanayin aikin ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ne, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu saboda rubutunsu yana bin furuci kamar yadda na Hausa ke yi. Saboda haka babban kuskure ne a ɗauki yaron da ke fama, wanda Hausa yake ji a gida, a fara masa da littafin Ingilishi don neman burgewa. An haɗa masa kaya biyu ke nan, baƙon harshe da rikitaccen rubutu. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ma ya ce a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu.

Duk da haka bokon Hausa yana da nasa tarko. Haruffan b da d da ɓ da ɗ kamanninsu ɗaya ne ga idon ɗan koyo, don haka bai kamata a koyar da su a mako guda ba. A bar tazara mai yawa a tsakaninsu, kuma a yi amfani da kalmomi irin su kafa da ƙafa, ko da da ɗa, don kunne ya fara jin bambancin kafin ido ya gani. Haka kuma sh da ts da ky da gw a ɗauke su a matsayin sauti guda guda. Ban da wannan, rubutun bai nuna tsawon wasali ko karin sauti ba, shi ya sa kuka na itace da kuka na hawaye suke da rubutu ɗaya, kuma sai an sa su a jimla yaro zai san wanda ake nufi. Juya harafi shi kaɗai ba hujja ba ce, domin yara da yawa suna yin haka har zuwa wajen shekara 7.

Kafin a fara kome, wajibi ne a kai yaron asibiti a duba idonsa da kunnensa, domin wanda ciwon kunne ya rage wa ji zai yi kama da mai disleksiya alhali magani kawai yake bukata. Bayan haka, zama na minti 15 ko 20 kowace rana, da safe kafin rana ta yi zafi, ya fi zaman awa biyu ranar hutu. A tashi tun yaron bai gaji ba, kuma a rufe da abin da ya iya. Sauran darussa kamar tarihi da addini da sanin ƙasa a ci gaba da karanta masa su da baki, yadda mahaifin Wilson ya yi, don kada jinkirin karatu ya jawo masa jinkirin ilmi gaba ɗaya. Uwar da ba ta yi boko ba tana da rawar takawa: wasan kalmomi masu amsa-amo, da karin magana, da zaurance, duk horon kunne ne wajen tsinka kalma gaɓa gaɓa.

Saura batun cire yaro daga makaranta ɗungurungum, wanda dokokin ƙasashe suka bambanta a kansa. A Amurka tun 1993 dukan jihohi 50 sun halatta koyarwa a gida, dokar ilmi ta Ingila ta 1996 ita ma ta yarda da haka, Jamus kuwa ta hana. A Nijeriya dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare, watau shekara 9. Ko babu doka ma, yaron da aka tsare a gida yana rasa abokan wasa, kuma yana iya ɗauka hukunci aka yi masa. Abin da ya fi dacewa da yawancin gidaje shi ne yaro ya ci gaba da zuwa makaranta, a riƙa yi masa darasin karatu a gida, sa'an nan uba ya je ya gana da hedimasta da malamin aji ya roƙi alfarma biyu: a daina tsayar da yaron ya yi karatu a gaban 'yan ajinsu, kuma a riƙa yi masa wasu tambayoyin jarrabawa da baki.