Zaluncin ɗan haya ga mai shago a dokar Ostireliya

A jihar Victoria ta Ostireliya, sashe na 78 na dokar hayar shaguna ta 2003 ya haramta wa ɗan haya zaluntar mai shago, kamar yadda aka haramta wa mai shagon zaluntarsa. Tanadin ya dace, domin wani lokaci kamfani mai rassa da yawa ne ke haya wurin mai shago ɗaya tak.

Wajen tantance zalunci, ana duba ƙarfin kowane ɓangare a cinikin, da ko an yi matsin lamba ko ɓoye wata manufa mai cutarwa. Tsananta ciniki kaɗai ba laifi ba ne. Wanda ya yi asara yana iya neman diyya a kotun VCAT, galibi bayan an gwada sulhu.