Kalley: Gwajin Sida na Kusa, Amma Idon Maƙwabta ya fi Kusa

Daga Kalley, tsohuwar unguwar da ke maƙwabtaka da Babbar Kasuwar Yamai, ba a doguwar tafiya kafin a isa wurin gwajin sida. Akwai cibiyar CEDAV ta ƙungiyar MVS, inda ake gwaji ba tare da an tambayi suna ba, kuma maganin rage kaifin cutar kyauta ne a Nijar. Duk da haka, ga mazan da ke neman maza 'yan'uwansu, wannan 'yar tafiya tana da nauyi.

A gidan haya mai ɗakuna da yawa, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, sirri ba ya kwana. Wanda aka hango a ƙofar wurin gwaji da safe, kafin la'asar zancensa ya isa fada. Kwalbar magani kuwa, ina za a ɓoye ta a ɗakin da samari ke kwana tare? Wasu kan juye ƙwayoyin a wani mazubin, wasu su daina karɓa. Ga kuma tambayoyin ma'aikacin lafiya: in mutum ya faɗi gaskiya yana tsoron kallon da za a yi masa, in ya ɓoye ba zai samu shawarar da ta dace da shi ba.

Alƙaluman hukumar ONUSIDA sun nuna masu ɗauke da ƙwayar cutar a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 100 na manya ba, amma a tsakanin waɗannan mazan adadin ya ninka haka sau da yawa.

Siyasa ma ta ƙara tsoron. A farkon 2023 tsohon shugaba Mohamed Bazoum ya bayyana shirin sanya hukunci kan luwaɗi a dokar ƙasa. Mali ta yi nata a 2024, Burkina Faso a 2025. Irin wannan labari yakan mayar da mutane ɓoye, su guji duk wurin da ake rubuta suna a rajista.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne da yawansu magidanta ne, ko kuma iyaye na matsa musu su yi aure. Mijin da bai san matsayinsa ba yana iya shafa wa matarsa, ita kuma jaririnta. Alhali wanda ke shan magani a kan kari har ƙwayar ta daina bayyana a jininsa ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i.

Akwai na'urar gwajin kai da ake gogawa a dasashi, sakamako ya fito cikin minti 20, a ɗaki, ba shaida. Sai dai in ta nuna alama, dole a je asibiti a tabbatar, ta ƙofar da kowa ke gani.