Wa Ya Ƙirga Shekarun Duwatsun Maradun?

Idan aka ce maka yawancin duwatsun kaurara da ke yankin Maradun da kewayen madatsar ruwa ta Bakolori sun kai shekara miliyan 600, me za ka ce? A Facebook dai amsar ba ta wuce ɗaya: "Wa ya ƙirga? Yana wurin ne?" Tambayar na kan hanya, kuma tana da amsa.

Ka ɗauka ka sayi data gig 8, amma kullum rabin abin da ya rage ke zurarewa. Gobe saura 4, jibi 2, gata 1. Duk wanda ya duba wayarka ya ga gig 1, in ya san da nawa ka fara, zai ce kwana uku ke nan. Haka wasu sinadarai suke: suna rikiɗewa zuwa wani sinadarin a kan ƙa'idar da zafin rana ko ruwan sama ba sa canza ta. Masana sai su auna abin da ya rage, su lissafo shekaru.

Agogon da ya fi suna shi ne kabon-14, wanda Willard Libby na Amurka ya samu kyautar Nobel a kansa a 1960. Duk mai rai yana ɗibarsa ta iska ko abinci. Da ya mutu sai ɗiba ta tsaya, rabinsa kuma ya riƙa tafiya duk shekara 5,730. Da shi aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Jihar Yobe a 1987. Ɗakunan gwaji biyu a Jamus, kowanne da nasa aikin, suka nuna ya kai shekara 8,000.

To amma a kula: kabon-14 ba ya aiki a kan dutse ko zinare, kuma bayan shekara 50,000 abin da ya rage ya yi kaɗan a auna. Don haka wanda ya ɗora bidiyo yana cewa gwajin kabon ya nuna dutsen zinarensa ya shekara miliyan, ka san shaci-faɗi ne.

Duwatsu nasu agogon daban. A cikin kaurara akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira zirkon. Lokacin da suke daskarewa suna karɓar yuraniyom, amma ba sa karɓar dalma. Ke nan dalmar da aka tarar a ciki daga baya, yuraniyom ne ya rikiɗe. Abin burgewa, yuraniyom iri biyu ne: ɗaya rabinsa na tafiya a shekara biliyan 4.47, ɗayan a miliyan 704. Agogo biyu ke nan a ƙwaya ɗaya. In suka yi daidai, an samu shaidu biyu. In suka saɓa, an gane wani abu ya taɓa dutsen.

Shin ana kuskure? Ƙwarai kuwa. Saiwar bishiya ko dauɗa na iya gurɓata gawayin da za a auna. Yawan kabon-14 a iska ma ya sha hawa da sauka, shi ya sa ake daidaita lissafin da zoben cikin kututturen bishiyoyi, waɗanda ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa ba na na'ura ba ne, na fassara ne. Ɗebi yashin Kogin Sakkwato a Bakura ko Talata Mafara ka auna zirkon ɗinsa: zai ba ka shekarun dutsen da ruwa ya zaizayo daga sama, ba ranar da yashin ya kwanta a fadama ba. Haka shafukan Alƙur'ani mai girma na Jami'ar Birmingham a Ingila. A 2015 aka sanar da gwajin da aka yi a Oxford: tsakanin shekarar 568 da 645 Miladiyya, da tabbacin kashi 95 cikin ɗari. Amma fatar da aka yi rubutun a kai aka auna, wato lokacin mutuwar dabbar, ba ranar da aka ɗora alƙalami ba.

Ka lura kuma ba su ce shekara kaza cif ba, tazara suka bayar. Wannan ba rauni ba ne, alamar aikin gaskiya ce.

Saboda haka kafin ka danna "share", ko ka zagi masana a ƙarƙashin wani rubutu, yi tambaya uku: me aka auna, da wane agogo, kuma tazarar kuskuren nawa ce? Labarin da ya kasa amsa waɗannan, ka bar shi a inda ka gan shi.