Ko Kun Sani? Kuɗin Makamai a Majalisar Amurka

Ko kun san kamfanin Lockheed Martin, mai ƙera jirgin yaƙin F-35, yana kashe sama da dala miliyan 10 duk shekara wajen kamun ƙafa a Washington? Fiye da kashi biyu cikin uku na cinikinsa daga gwamnatin Amurka yake fitowa. Wato harajin jama'a ne ke zagayowa yana roƙon ƙarin kuɗin haraji. Kamfanonin da ke haɗa kayan jirgin kuwa suna jihohi sama da 40, don haka ɗan majalisar da ya nemi a rage kasafin jirgin, abincin 'yan mazaɓarsa zai taɓa.

Wasu za su ce ai ba a ɓoye ake kamun ƙafar ba, wata doka ta 1995 ta wajabta wa masu kamun ƙafa yin rajista da bayyana abin da suka kashe. Haka ne, amma dokar ba ta kai ko'ina ba. Tun hukuncin kotu na 2010 a shari'ar Citizens United, kuɗin da kamfani ya bai wa ƙungiyar 'yan kasuwa na iya ƙarewa a tallan siyasa ba tare da an ga sunansa ba. A 2011 gwamnatin Obama ta tsara umarnin da zai tilasta wa 'yan kwangilar gwamnati bayyana irin wannan kuɗi. Ba a sa masa hannu ba.