Rikiɗa ta Shiga Kwamfuta: Kira ga Yaranmu Masu Zane

Duk wanda ya taso yana jin tatsuniya ya san rikiɗa, inda budurwa kan zama kura, sanda ta zama maciji. Kaka da baki take faɗa, yaro ya ƙarasa da tunaninsa. To, amma mai son nuna wannan a majigi dole ya zana kowane mataki na canjin. Majigi na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda, kuma ko an rage zuwa zane 12, rikiɗar daƙiƙa 5 sai ta ci zane 60.

Irin wannan wahala ce marigayi Mustafa Alasan na maƙwabciyarmu Nijar ya sha. Ya ƙaro ilmi wajen Norman McLaren a Kanada, kuma a 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, fim ɗin zane wanda kwaɗi ke kwaikwayon shugabanni a cikinsa. Ya rasu a 2015.

Yanzu kwamfuta ta ɗauke rabin wannan nauyi. Akwai manhajojin da ke riƙe zane a matsayin ɗigogi da layukan da suka haɗa su, bisa lissafin da ya ɗauki sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa. Mai zane zai yi siffar farko, a ce ƙwarya, ya yi ta ƙarshe, a ce kunkuru, sannan ya ƙayyade lokaci. Manhajar ce za ta riƙa matsar da kowane ɗigo sannu a hankali har ƙwarya ta zama kunkuru.

Sai dai fa kwamfuta ba ta san kunkuru ba, ɗigo kawai ta sani. In ƙwarya na da ɗigo 8, kunkuru na da 30, zanen zai cukurkuɗe a tsakiya kamar zaren da kaji suka bi ta kai. Dabarar ita ce a fara zana siffa mai yawan ɗigogi, a kwafe ta, a ja ɗigoginta su ba da ɗaya siffar. Flash, wadda aka sake wa suna Animate a 2016, ta kuɗi ce, amma Synfig kyauta ce tun 2005.

Jama'a, a nan Malanville yaranmu Faransanci suke yi a makaranta, Dendi a kasuwa, zanen da suke kallo a waya kuma da harshen wasu yake magana. In Gizo da Ƙoƙi ba su shiga wayar nan da Hausa ba, wa zai faɗa wa jikokinmu labarinsu? Saboda haka yaron da aka ga yana zane a bayan littafinsa, kada a yi saurin kai masa bulala. A nema masa inda zai taɓa kwamfuta, a sa shi ya zauna wajen kakarsa ya ji tatsuniya. Allah ya sa mu dace, amin.