Wuta Rabi Ba Rage Gudun Inji Take Yi Ba, Ƙona Shi Take Yi

Na gaji da jin maganar nan a bakin masu injin niƙa da masu rijiyar burtsatse, wai idan wuta ta zo rabi ai ba komai, inji zai dai yi aikinsa a hankali. Shi ya sa masu naɗin kwayil ba sa rabo da ciniki.

Ba ƙarfin wuta ne ke tsara gudun irin wannan inji ba. Abu biyu ne: kai-komon da wutar ke yi, sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar, da kuma yadda aka naɗa wayar cikinsa. Wani kan yi zagaye kusan 1,450 a minti, wani kusan 2,900. Idan wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 170, kaɗan gudun zai ragu. Nauyin hatsin ko na ruwan kuwa yana nan daram, dole inji ya riƙa zuƙar wuta fiye da ƙima don ya ɗauke shi. Waya ta yi zafi, rufin jikinta ya narke, sai ƙauri. Wannan gurnanin da kuke ji, jama'a, ba aiki ba ne, kuka ne! Fanka ce ke ruɗar mutane, don tana rage gudu idan wuta ta ragu, alhali ita an ƙera ta ne don a rage mata wuta, kuma iska kawai take turawa.

Da kun ga ƙwan fitila ya yi ja, a kashe inji. Makunnin kariyar da ke katse wuta idan inji ya ɗau zafi, don Allah a daina cire shi ana haɗe wayoyin kai-tsaye saboda wai yana hana aiki. Kada a ja siririyar waya daga nesa, a hanya wutar ke zubewa. Wanda yake son rage gudu da gaske, akwai na'urar da ke sauya yawan kai-komon wutar, ita ce daidai.

Sauya ɓangaren da inji ke juyawa kuwa, a mai layi uku, musanya biyu daga cikin wayoyin ukun ya isa. Haka kan faru ba da niyya ba bayan an yi gyaran layi: sumo, wato injin da ke cikin rijiyar burtsatse, ya juya da baya, ruwa ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, maigida ya ce rijiya ta ƙafe. Kafin a nemo masu haƙa, a kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin nan.