“Girki kika je koya a jami'a?”: abin da ake yi a sashen ilimin abinci da kimiyyar iyali

Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka a jami'a, kawuna ya karɓi takardar ya duba, sai ya ce: “To ke 'yar nan, girki ma sai an je jami'a? Ai da kin zauna wajen gwaggonki wata uku, da kin gama digirin.” Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma daren nan ban yi barcin kirki ba, domin likitanci na cike, aka turo ni sashen ilimin abinci mai gina jiki da kimiyyar iyali. Yanzu ina digiri na biyu a fannin. Idan kai ma nan aka turo ka, ko an turo 'yarka kana tunanin ta sake zana JAMB, ka karanta wannan tukuna kafin ka yanke shawara.

Daga ina fannin ya samo asali?

Wadda ake dangantawa da kafa shi masaniyar kemistiri ce, Ellen Swallow Richards, mace ta farko da aka ɗauka karatu a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka a farkon shekarun 1870. Ta yi fice wajen gwajin ruwan sha, kuma ra'ayinta shi ne cewa ruwa da iska da abincin da ke cikin gida sun cancanci bincike irin wanda ake yi wa kayan masana'anta. Daga tarukan da aka fara a Lake Placid a 1899 aka samu fannin tattalin gida, kuma a 1994 ƙungiyar masanansa a Amurka ta sauya masa suna zuwa kimiyyar iyali da masu sayen kaya. Shi ya sa sunan sashen yake bambanta daga jami'a zuwa jami'a. A Ibadan sashen abinci mai gina jiki zaman kansa yake, a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife kuwa an taɓa haɗa shi da kimiyyar iyali a sashe ɗaya.

Shekarun farko ba tukunya a ciki

Abin da ke fara ba sabon ɗalibi mamaki shi ne jadawalin karatu. A aji ɗaya kemistiri ne da bayoloji da fiziks da lissafi, galibi a babban ɗaki ɗaya da 'yan sauran sassan kimiyya. A aji biyu sai bayokemistiri da ilimin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki da ilimin ƙananan halittu su shigo, kuma a nan ne wanda ya zo da niyyar hutawa yake gane kurensa. Za ka haddace hanyar da jiki ke bi ya mayar da lomar tuwo sukari, sannan ya ƙona sukarin ya sami kuzari. Ɓangaren iyali kuma yana koyar da matakan girman yaro, da yadda ake tsara kuɗin cefane, da haƙƙin mai sayen kaya, a wasu sassan har da ilimin yadi da tufafi. Ana girki, ba a ce ba a yi, amma da sikeli a gefe da littafi a hannu, kuma ana ba ka maki ne a kan lissafin abin da ke cikin kwanon.

Yadda ake sanin abin da ke cikin wake

Ka taɓa duba bayan gwangwanin madara ka ga an rubuta giram kaza na furotin? Ɗalibin wannan sashe yana koyon fitar da wannan lamba da hannunsa. Za a ba ka garin wake, ka auna, ka sa a na'urar busarwa mai zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa. Abin da ya ragu ruwa ne. Wani kason ka ƙone shi a tanderu mai zafin kusan digiri 550, tokar da ta saura ita ce ma'adinan da ke ciki. Mai kuma ana tatso shi da na'urar Soxhlet, wadda aka ƙirƙira tun 1879.

Furotin ya fi ɗaukar lokaci. Ana bin hanyar da Johan Kjeldahl ɗan ƙasar Denmark ya fitar a 1883: a dafa garin cikin asid mai ƙarfi har ya yi baƙi ƙirin sannan ya washe, a fitar da naitirojin ɗin da ke ciki a auna. Da yake kusan kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne, sai a ninka abin da aka samu da 6.25. Misali idan ka sami giram 3.5 na naitirojin a giram 100 na wake, furotin ɗinsa ya kai kusan giram 22. Amma lura, na'urar naitirojin take gani, ba ta san daga ina ya fito ba. Wannan kafa wasu masu madara suka bi a Sin a 2008, suka zuba sinadarin melamin mai yawan naitirojin a madarar da aka tsarma da ruwa don ta ci gwaji, jarirai dubbai suka kamu da ciwon ƙoda, wasu suka rasu. Tun ranar da aka ba mu wannan labari a aji na daina ɗaukar awon nan da wasa.

Aikin da ya tona mana asiri

A aji uku aka ce kowa ya rubuta duk abin da ya ci na kwana uku, ya lissafa. Ka'idar ba wuya: giram ɗaya na sitaci ko furotin yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai yana ba da 9. Sai ga mu, masu shirin koya wa jama'a cin abinci, yawancinmu shayi da burodi da safe, taliyar leda da dare, rana kuwa sai abin da hali ya yi. Ganye da 'ya'yan itace kusan babu.

Abin da ya fitar da wasunmu kunya garau-garau ne. Hatsi irin su shinkafa da gero suna da ƙarancin wani tubalin furotin da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi sosai, sannan abin da wake ya gaza a kai hatsi na cike shi. Ka ga ke nan shinkafa da wake haɗi ne mai ma'ana, haka ma tuwo da miyar da aka sa wa wake ko daddawa. Shayi kuma yana ɗauke da sinadarin tanin da ke rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsa daga abinci, alhali bitamin C na lemo ko tumatir ƙara shi yake yi. Ga ɗaliba mai jinin al'ada duk wata, jinkirta shayi zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar da aka fita ƙauye

Aikin fili shi ne inda karatun yake haɗuwa da mutane. Ana ba ka sikeli da allon awon tsawo da wani siririn tef mai launi uku na auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59. Idan awon ya gaza santimita 11.5, ja ke nan, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, sama da haka kore. Sannan ka danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In gurbin ya zauna, kumburin tamowa ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna tsawonsa.

A wani gida na auna wata yarinya 'yar wata goma, tef ya tsaya a ja. Na sake aunawa har sau biyu, ina fatan ni ce na yi kuskure. Na tambayi kakarta abin da ta ci jiya tun daga safe, ta ce: “'Yata, ai ba ta rabuwa da kunu, sau biyar ma ta sha.” Gaskiya ta faɗa. Da ta kawo kunun na gani, tsararo ne kamar ruwa, domin in ya yi kauri yarinyar ba ta iya haɗiya. Cikin yaro mai wannan shekaru bai wuce ya ɗauki kamar kofi ɗaya a zama guda ba, to idan rabin kofin ruwa ne, yaro zai ƙoshi alhali jikinsa na jin yunwa.

Maganin wannan mun karanta shi a aji. Idan aka jiƙa gero ko dawa ya tsiro, aka shanya aka niƙa, garin yana ɗauke da sinadarin amiles mai narkar da sitaci. Ɗan kaɗan daga ciki a kunu mai kauri da ɗuminsa, sai ka ga ya saki ya yi ruwa, ba tare da an ƙara ruwa ba. A haɗa da garin gyaɗa ko waken suya da ɗan manja. Amma yaron da ya riga ya shiga ja ya wuce gyaran kunu kaɗai. Ita yarinyar mun tura ta cibiyar kula da tamowa, inda ake ba da haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari na cikin leda, wanda kowace leda ke da kalori 500. An ƙirƙiro shi a Faransa a 1996, kuma a yunwar 2005 a yankin Maraɗi aka ga amfaninsa a kan dubban yara da aka yi jinyarsu a gida.

Kuma ba gida ɗaya ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa kashi 57. Mafi yawan wannan illa tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa kamar yadda take taɓa tsawo.

Bayan an gama fa?

Kafin kammalawa akwai SIWES, inda ake tura ka asibiti ko kamfanin abinci ko wata hukuma na wasu watanni. Wanda yake son aikin asibiti yana ƙara shekara ɗaya ta horo, sannan ya zama mai tsara abincin masu ciwon sukari da hawan jini da ciwon ƙoda. Wasu suna tafiya hukumomi irin su NAFDAC, wasu ƙungiyoyin agaji, wasu koyarwa ko bincike. Ba zan ce maka aiki na jiran kowa a bakin ƙofa ba, ana shan wuya kamar kowane fanni. Maza ma suna ciki, ko da yake sun fi mu shan tsiya daga abokai.

Abin da zan ce maka shi ne ka riƙe kemistiri da ƙididdiga tun aji ɗaya, kuma kada ka raina Hausarka. Ɗalibin da ya san girman ludayi da malmalar tuwo, ya kuma iya tambayar tsohuwa cikin ladabi ba tare da ta ji ana tuhumarta ba, shi ne yake dawowa daga ƙauye da bayanan da za a iya dogara da su. Kawun nawa kuwa, bara da likita ya ce yana da ciwon sukari, ni ya kira ya tambaya ko zai ci gaba da shan fura.